Kalmar da Na Ara wa Harisu

Litinin, 11 ga Yuni 2001, bayan azahar

An kira Harisu ofishin shugaban kwaleji yau da hantsi. Ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa ya wuce ta bakin taga, hula a karkace, da murmushin nan nasa na mutumin da bai taɓa zaton wani abu zai same shi ba. Har hannu ya ɗaga mini. Da ya fito bai ɗaga ba.

Mahaifin wani ɗalibi ne ya ga takardar darasin falsafar ilimi a jakar ɗansa. Bai kai layi na uku ba ya naɗe ta sai gidan Malam Ɗantsoho, shugaban kwamitin malaman unguwarmu, waɗanda tun ƙaddamar da Shari'a bara suka ɗora wa kansu aikin leƙa tukunyar kowa. Kan takardar ya ce: "Ƙetare Iyaka: Asalin 'Yancin Ɗan Adam." Layin farko ya ce: "Mutum ba ya cika mutum sai ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa." Can ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, Malam Harisu Dutsi, Shugaban Sashe.

Shugaban sashe! Ni na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta falsafa, shi kuwa da ƙyar ya haɗa takardar shaidar malanta, amma da kujera ta faɗi shi aka ba, wai yana da haƙuri da mutane. To, ga mutanen nan sun zo, sai ya yi haƙuri da su.

Sunansa ne a takardar. Wannan kowa ya gani.

Talata, 12 ga Yuni, da safe

Kalmar Turanci ce, doguwa, ba zan rubuta ta a nan ba. Malaman falsafar Turai na dā da ita suke siffanta Ubangiji, suna nufin Ya ɗaukaka sama da halittarsa, hankali ba ya kewaye Shi. Na baya-bayan nan suka sauko da ita kan ɗan Adam. Suka ce dutse dutse ne, an gama shi, amma mutum ba a gama shi ba. Kome aka yi shi, ɗan wane, talaka, gurgu, yana iya wuce wannan ya zaɓi abin da zai zama, don haka ba shi da wanda zai ɗora wa laifin abin da ya aikata. Iyakar abin da babin ya ƙunsa ke nan.

A watan Fabrairu Harisu ya shigo gidana da littafin a hammata, ya ce, "Yaya Sada, wannan babin ya fi ƙarfina, kuma yaran nan in ba da Hausa ba ba sa ganewa. Ka taimaka." Sa'ana ne, amma tun da ya auri ƙanwata yake ce mini Yaya, yana dariya.

Kwana biyu ana neman kalmar. Ɗaukaka ba ta yi ba, fifiko bai yi ba. Ƙetare iyaka ce ta zauna a kunne, har wanda ya samo ta ya ji daɗin kansa. Shafi uku, da jan biro. Harisu ya kai aka buga a tafireta aka gurza, ya sa sunansa don shi ke koyar da darasin. Ba wanda ya tuna cewa a shekarar nan kalmar haddi, wato iyakar Allah, ce a bakin kowa, daga mai shayi har mai wankin hula.

Alfarma aka yi masa. Da yana karanta abin da yake rabawa, da ya gani.

Laraba, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Barakatu ta zo, ƙanwata, matar Harisu. Ba ta shiga wajen matata Haulatu ba, kai tsaye ɗakin Inna ta wuce, aka aiko in je.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, ina da shekara arba'in da ɗaya amma har yau "wancan" nake a bakinta, in ta ji daɗina kuma "mai boko". Ko maƙwabcinmu mai irin sunana, Maiturare take ce masa don kada bakinta ya taɓa sunan. Ta kau da kai ta ce wa bango, "A faɗa wa wancan ya tsaya wa mijin 'yar'uwarsa."

Barakatu ta ce, "Yaya, kai kaɗai ne a garin nan ka san karatun nan. In ka yi musu bayani za su ji. Ka san Baban Maimuna, mutumin da ko agogo bai kai shi kiyaye lokacin salla ba."

Na ce za a duba. Ta yi ta kallona kamar ban gama magana ba. Ta rame a wuya, kuma kuka yana munana ta, tun tana ƙarama haka take.

Alhamis, 14 ga Yuni, azahar

Harisu ya shiga gaba a masallacin kwaleji kamar kullum. Da ya yi sallama ya waiwaya, mutum biyu ne a bayansa. Ni ina cikin waɗanda suka jira a waje suna gyaran takalmi.

Litinin, 18 ga Yuni, da yamma

Malam Ɗantsoho ya aiko. Ranar Laraba za su zauna, suna so in zo a matsayin wanda ya san fannin. Ina da 'ya'ya huɗu da aikin gwamnati. Ba ni da zaɓi.

Laraba, 20 ga Yuni, bayan azahar

An zauna a zauren Malam da hantsi, malamai biyar a kan buzu, mu a tabarma. Zan rubuta yadda aka yi daidai, don wata rana kada a ce na ce abin da ban ce ba.

Malam Ɗantsoho ba mahaukaci ba ne, wannan ne abin haushin. Tsoho ne mai magana a hankali, ya karanta takardar sau biyu da tabarau, sannan ya dube ni.

"Malam Sada, a Hausarmu, in an ce wane ya ƙetare iyaka, yabo ne ko zargi?"

Na ce, "Zargi ne, Allah gafarta Malam."

"Wa ke gindaya wa ɗan Adam iyaka?"

"Allah."

"To wanda ya koya wa yara cewa ba su cika mutane ba sai sun ƙetare ta, me ya koya musu?"

Na ce wannan su ne masanansa.

Ya juya wajen Harisu. "Kai ka rubuta?"

Harisu ya ce, "Sunana ne a kai, ni na raba wa ɗalibai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Akwai wanda ya sa maka hannu?"

Na ga hannun Harisu ya tafi aljihun gaban rigarsa ya dafe. Akwai takarda a ciki, ana ganin shatinta. Gumi ya bi ta bayana har cikin wando. Bai dube ni ba. Ya sauke hannun ya ce, "Ni na raba, Malam."

Sai ya shiga bayani da Hausarsa ta gona. Wai shi abin da ya fahimta, kamar shi ne: an haife shi a Dutsi, kowa ya ce ɗan wane fartanya ce iyakarsa, ya ƙi, ya yi karatu. Wai wannan iyakar ake nufi, ba ta Allah ba. Wallahi bayanin ya yi, ya ma fi wanda zan yi. Na ga biyu daga cikin malaman suna gyaɗa kai.

Malam ya ce, "Malam Sada, abin da ya faɗa, haka yake a littafin?"

Kalma ɗaya ake nema a wajena. Na ji ta a bakina. Abin da ya fito shi ne, "Littafin ya faɗi abubuwa da yawa, Allah gafarta Malam. Shi dai Bafaranshen da aka ɗauko maganar daga wajensa, bai yarda akwai Allah ba."

Zauren ya ɗauki salati. Masu gyaɗa kai suka daina.

Hukuncinsu: ko ya tuba a gaban jama'a ranar Juma'a, ko su miƙa maganar gaba. Malam ya ƙara da cewa, a mazhabarmu wanda ya furta kalmar ridda igiyar aurensa ta yanke, in ya tuba sai an sake ɗaurawa, da waliyyi da shaidu. Sai a nan Harisu ya dube ni. Tun rasuwar Baba ni ne waliyyin Barakatu.

Bafaranshen bai yarda akwai Allah ba. Haka ne. Ba a tambaye ni wa ya riƙe jan biro ba. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 21 ga Yuni, da safe

An yi ruwa, gari ya watse zuwa shuka. Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 22 ga Yuni, kafin magariba

Bayan la'asar aka tsayar da Harisu a masallacin unguwa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku, yau Malam yana faɗar kalmar shahada gaɓa-gaɓa yana maimaitawa kamar wanda ya shigo jiya. Masallaci ya cika har waje, waɗanda ba su taɓa zuwa la'asar ba duk sun samu hali. Wani a bayana ya ce, "Ashe boko haka take cin mutum." Na ce, "Sai addu'a."

Muryarsa ba ta yi rawa ba. Na so ta yi.

Littafina ne, ba mai karantawa, don haka bari in rubuta: da na ga hular nan tasa a sunkuye, wani sanyi ya ratsa ni irin na ruwan randa. Shekara uku ina gaishe shi a kan kujerar da ta dace da ni. Na ji daɗi. Daga baya na ji ƙyamar kaina, amma daɗin ne ya riga zuwa.

Asabar, 23 ga Yuni, hantsi

An kawo Barakatu da akwati biyu da 'yarta Maimuna. Ɗakin Inna suka sauka. Yarinyar tana ta tambaya ko biki ake yi. Haulatu ta ce in shiga in gaishe su, na ce in ta gama koya wa tukunyarta tafasa sai ta koya mini zumunci. Ta koma kan girkinta, ta san ba da ita nake ba.

Talata, 26 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

An dakatar da Harisu daga aiki. An ce in riƙe sashen kafin a ga abin da hali zai yi. Kujerar tana da ƙafa ɗaya gajera, ashe ya daɗe yana tokare ta da murfin kwalba bai taɓa faɗa ba. Na sa masinja ya kwashe kayansa a kwali. Akwai carbi, da maganin ciwon ciki, da hoton ranar ɗaurin aurensu, ni a tsakiya na fi ango fara'a.

Alhamis, 28 ga Yuni, bayan azahar

Na sake buɗe babin, ban san me ya kai ni ba. Akwai wurin da Bafaranshen yake cewa duk wanda ya ce "ba ni da zaɓi" kansa yake yaudara, ya mai da kansa dutse ne don kada a tambaye shi. Wai ko an ɗora maka wuƙa a wuya, kai ne ka zaɓi ka ji tsoron wuƙar fiye da abin da aka sa ka yi.

Sauƙin faɗa gare shi. Yana zaune a garinsu yana shan gahawa, bai taɓa zama a zauren Malam Ɗantsoho ba, ba shi da 'ya'ya huɗu da suke bin layin Kusugu zuwa makaranta ana iya nuna su da baki. Da na ce ni ne, da mu biyu za a tsayar, aure biyu za a yanke. Wa hakan zai amfana? Na lissafa ta kowace fuska, abin da na yi shi ne hankali.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga lissafin. Maganar Bafaranshen ba wanda ya tambaye ni ita.

Ba ni da zaɓi.

Lahadi, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Harisu ya zo. Ya koma Dutsi wajen gonar mahaifinsa, kwana tara kawai amma rana ta riga ta dafa shi, hannunsa duk kanta. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ban sa an kawo ruwa ba.

Kafin ya ce kome ya zaro takarda daga aljihu ya ajiye a gabana. Shafi uku, jan biro, an ninke su har sun fara yagewa.

Ya ce, "Ga abinka, Yaya Sada. Ba ni da wani kwafi. Na kawo maka tun kafin in buɗe baki, don kada ka ce da ita na roƙe ka."

Na ce, "Me ya hana ka nunawa?"

Ya ce, "Na yi niyya. Har na taɓa ta. Sai na ga ni na zo na roƙe ka, kai ba ka nemi kome ba. Kuma na tuna Inna." Ya ɗan yi dariya. "Ka san abin mamaki? Sai a zauren nan na gane babin sosai. Na ga ashe ina iya fito da ita, ina iya barinta, ba mai riƙe da hannuna."

Sannan ya gyara zama, ya durƙusa kamar saurayi, ya ce ya zo neman auren Barakatu. Matarsa ta shekara tara. Ya ce Juma'a mai zuwa in na yarda, mutum huɗu sun isa.

Da ya zage ni, da na ba shi ita nan take. Da ya ce zai tona, da na ba shi har da goro. Amma ya zo ya zauna mini a zaure da wannan fuskar, ya cire mini wuƙa daga wuya da hannunsa, yana jira in yi abin kirki. In na mayar masa da ita, kowace Salla zai shigo gidan nan ya ce mini Yaya, ya ci tuwona, ya yi shiru. Har in mutu ina cin bashin shirunsa da idona. Ban iya ba.

Na ce, "Harisu, tuba ba riga ba ce da za a sa yau a ce an canza. Mutane suna kallon gidan nan. Ka bari a ga kamun ludayinka, ko zuwa bayan kaka."

Ya ce, "Bayan kaka." Ya tashi ya sa takalmi, ya ce in gaida Inna. Ya tsaya jim a bakin ƙofar cikin gida, inda muryar Maimuna take fitowa, bai shiga ba don yanzu baƙo ne a wajen uwarta.

Na kai takardar murhu da kaina. Haulatu tana tsaye da ludayi, ba ta tambaya ba.

Litinin, 2 ga Yuli, da safe

Babu takarda. Babu shaida. Na yi barci har aka yi sallar asuba ban ji ba.

Laraba, 4 ga Yuli, bayan azahar

Barakatu ta same ni a zaure ina cin abinci. Ba ta durƙusa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Yaya, wa ya koya mini rubutun boko?"

Na ce ni.

"A bayan tiren Inna, da gawayi. Kai ka ce in riƙa ja wa ƙ ƙugiya mai tsawo don kada ta zama k. Duk Daura ba mai ja mata ƙugiya irin taka." Ta ce ranar da za a zauna ita ta goge wa Harisu riga, ta ga takardar a aljihu. Ta ce har ƙafarsa ta riƙe ya nuna musu. Ya ce mata, yayanki ne, ki bar shi zai yi magana da kansa. "Na zauna ina jira a ce mini ka yi magana. Da aka kawo ni gidan nan na ce kunya ce ta hana ka, za ka gyara. Mako biyu ina ba ka uzuri, Yaya. Ranar Lahadi ina bayan ƙofa."

Na ce ta yi mini magana da ladabi, ni ne waliyyinta.

Ta ce, "Ba za mu faɗa wa kowa ba, kada ka ji tsoro. Ya hana ni. Ka ci kujerarka lafiya. Amma ran nan a zauren Malam ka ce tsoro ne, na yarda. Ranar Lahadi fa? Wa ya tsare ka?"

Labulen ɗakin Inna a ɗage yake. Ban san tun yaushe ba.

Juma'a, 6 ga Yuli, hantsi

Inna ta shiga motar Baure tun da sassafe, ita da Barakatu da yarinyar. Garin Babban Mutum suka tafi, wajen Baffa Kabo, ƙanen Baba. Shekara goma sha ɗaya ba ta taka gidansa ba tun rigimar gonar gado, ta rantse sai dai a kai gawarta. Da ciwon gwiwarta ta tafi. Ba ta aiko a faɗa wa wancan ba.

Lahadi, 8 ga Yuli, da yamma

An ɗaura auren Barakatu da Harisu jiya a ƙofar gidan Baffa, shi ya ba da ita. Wani direba ne ya faɗa mini a tasha, yana yi mini barka, yana mamakin bai gan ni ba. Na ce aiki ne ya riƙe ni. Sun wuce Dutsi.

Litinin, 9 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya

Darasin Harisu ya dawo hannuna. Na tsallake babin. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, to Malam, kalmar nan da ta jawo rigima, mece ce ainihin Hausarta? Na ce ba ta da Hausa, kuma ba za ta fito a jarrabawa ba. Suka ji daɗi.

Talata, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Inna ta dawo ita kaɗai. Na ji tsayuwar ɗan acaɓa na fita da sauri in karɓi ƙunshinta, na durƙusa na ce sannu da hanya. Ina jira ta kau da kai ta yi wa bango magana kamar yadda ta saba, ta ce a faɗa wa wancan kaza, ko zagi ne in ji. Na shirya amsa tun jiya: 'ya'ya huɗu, aikin gwamnati, idon mutane.

Ba ta kau da kai ba. Ta dube ni tsakiyar ido, yadda take duban mai awo ko mai gyaran fitila, ba fushi, ba kunya. Ta riƙe ƙunshinta ba ta sake shi ba.

Ta ce, "Sada, matsa in wuce."